Gadar Mashayar Gawo da Kogi Ya Bari

Dalilin da ya sa gadar garinmu take tsaye a kan busasshen yashi, kogi kuma yake ratsa tsakiyar gari ba gada a kansa, ba aikin aljanu ba ne, yara. Na ji ana faɗa muku haka a cikin jirgin fito don ku daina motsi. Zama da kyau a jirgi wajibi ne, amma maganar aljanu ƙarya ce. Mutane ne suka jawo wannan abu, kuma yawancinsu na san su.

A da, Mashayar Gawo gari ne guda. Kogi yakan taho daga gabas, kafin ya iso gari sai ya tarar da hanya biyu a wurin da muke kira Maraba. Babbar hanyar ta bi kudancin gari, inda gadar take yanzu. Ƙaramar kuwa wani busasshen kwari ne tsakanin Unguwar Tudu, ta manoma, da Unguwar Fito, ta masunta da masu jirage. A cikin kwarin nan mata suke shanya barkono, awaki suna kiwo, kowa yana ratsa shi da ƙafa.

Sai dai kogin ba da son ransa yake bin kudu ba. Kowace damina yakan tara yashi a bakin babbar hanya, kamar mai son toshe wa kansa ƙofa. Saboda haka kowane rani mazan unguwannin biyu sukan yi gayya, su kwashe yashin nan, su jibge shi a bakin kwari. In ruwa ya zo sai ya tarar kudu a buɗe, kwari a rufe.

Ku lura da yadda ake kiran gayyar, domin a nan matsalar take. Ba a yin shela, ba a buga ganga. Unguwar Tudu ce take tuƙa tuwo, a cika babban akushi, a ɗora wa wata 'yar Fito da take aure a Tudu. Ita za ta kai shi zauren Sarkin Fito ta ce, “Tudu ta aiko.” In an cinye, sai a mayar da akushin cike da kifi. Kifi na isa Tudu, washegari kowa ya fito da shebur da kwando. Tuwo ne farko, kifi na biye, ba a taɓa juyawa ba.

A lokacin da nake ba ku labari, mai ɗaukar akushin wata mata ce mai suna Magawata. Wanta, Mijinyawa, shi ne Sarkin Fito. Ƙanin mijinta, Arzika, shi ne Sarkin Noma na Tudu. Mahaifiyarta, Inna Gwamma, ta tsufa, idonta ya tafi, tana zaune a Fito, kuma ba ta yarda kowa ya yi mata wanka ko ya ba ta koko sai Magawata. Kullum da safe Magawata takan ratsa kwari ta je ta gyara tsohuwa, ta dawo gidan mijinta kafin rana ta yi zafi. Saboda haka ba wanda ya kai ta son kwarin nan ya zauna a bushe.

Ana nan sai aka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, aka mai da Mashayar Gawo hedikwata. Aka gina sakatariya da asibiti da makarantarku a Tudu. Aka kuma yi gada a kan babbar hanyar ruwa, ta haɗa gari da titin birni. Ranar buɗe gadar an yi gagarumin biki. Manoman Tudu ne suka ba da hatsi, matansu suka tuƙa, gari duka ya ci, har da mutanen Fito. Amma ba a ba Sarkin Fito kujera a rumfa ba. A tsaye ya kalli bikin gadar da ta kashe sana'ar mutanensa, sannan ya koma gida.

Rani ya yi nisa. Mangwaro ya nuna ya fara ƙarewa, zafi ya tsananta, ba wanda ya ce wa Magawata ta zo ta ɗauki akushi. Kullum in ta ratsa kwari sai ta dubi gabas. Wata rana ta kasa daurewa, ta taka har Maraba ta ga yashin da kanta. Ya taru fiye da na kowace shekara, domin masu aikin gada sun tare ruwa lokacin da suke kafa ginshiƙai. Tudun da yake rufe bakin kwari kuwa masu gini sun yi ta ɗibarsa da amalanke.

Daga can ba ta zame ko'ina ba sai gidan Arzika. Da yake ƙanin miji ne, akwai wasa a tsakaninsu. Yana ganinta ya ce matarsa ta zo biko, a kawo mata tabarma.

Ta ce, “Sarki, ajiye wasa. Yaushe za a tuƙa?”

Ya ce ai an tuƙa tuni. Ranar bikin gada hatsin wa aka ci? Da idonsa ya ga Mijinyawa ya yi loma har gemu. Tudu ta ciyar, yanzu kifi take jira.

Magawata ta ce wannan tuwon gwamnati ne, a faranti aka raba shi, ba a akushi ba, kuma ba ita ta kai ba. Arzika ya ce gwamnati ba ta da rumbu a garin nan. Rumbunansu ne suka yi ƙasa, kuma ba zai sake tambayar manoma ko tiya ɗaya ba don 'yan'uwanta su ci sau biyu su biya sau ɗaya.

Washegari, bayan ta yi wa mahaifiyarta wanka, ta shiga zauren wanta. Mijinyawa yana gyaran komar kamun kifi, bai ɗaga kai ba. Ta gaya masa abin da ta gani a Maraba. Ya ce ya riga ta gani. Ta ce to ya aika da kifin mana, ko guda uku ne, a rufa wa juna asiri.

Ya ce, “A cikin me zan zuba? Kin kawo akushi?”

Ta ce a'a. Ya ce tun kakanninsu Fito ba ta taɓa aika kifi ba tuwo ba, kuma ba a kansa za a fara ba, a shekarar da aka bar shi a tsaye cikin rana kamar mai tallan rake. Tun da kogi ya zama na masu gada, su je su kwashe yashinsu.

Ta tafi sakatariya. Ta yini a kan benci kafin a shigar da ita wurin Ciyaman. Ya saurare ta da fara'a, ya ce ta kwantar da hankalinta, zamanin shebur da kwando ya wuce. Yanzu gari ya zama hedikwata, katafila za a turo daga birni ta yi aikin a yini ɗaya. Ta tambaye shi yaushe. Ya ce nan ba da daɗewa ba. Wannan magana ta bazu a gari, ta kuma yi ɓarna ƙwarai, domin duk wanda zuciyarsa ta fara raya masa ya ɗauki shebur sai ya ce bari a jira katafila.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da maraice yana watsewa. Fatake da suka zo daga saman kogi suka ce can an yi ruwan shuka. Magawata ta daina cin abinci sosai. Inna Gwamma, ko da yake ba ta gani, ta taɓa hannunta ta ce me ya sa ta rame haka. Magawata ta ce zafin rani ne.

Daga ƙarshe ta yanke shawara ita kaɗai. Ta ɗebi dawa a rumbun mijinta, ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa, ta yi miyar kuka. Ta je gidan Arzika lokacin da yake gona, ta karɓi babban akushin a hannun matarsa da cewa za ta wanke shi. Ta cika shi, ta ɗora a ka, ta ratsa kwari. Mutanen Fito da suka hango ta suka fara murna, wasu har sun shiga ɗaki neman kwanduna.

Ta durƙusa a zaure ta sauke. Dattawan Fito suna zaune. Mijinyawa ya dubi akushin, ya dube ta, yana jiran kalmomin da aka saba. Ba ta faɗa ba.

Ya ce, “Magawata, wa ya aiko?”

Yara, da ta ce Tudu ce, da an ci, da an mai da kifi, da Arzika ba shi da yadda zai yi sai ya fito. Ta san haka. Amma a gaban dattawa take, kuma wanta ya sa ta rantse da girman mahaifiyarsu. Ta sunkuyar da kai.

Ta ce, “Ni ce, Yaya. Don Allah ka karɓa a haka. Saboda Inna.”

Mijinyawa ya dubi ƙanwarsa. Waɗanda suke wurin sun ce idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce tuwon ƙanwa ga wanta ba ya kiran gayya, amma ba a mai da shi. Ya wanke hannu ya ci, dattawa suka ci, suka sa mata albarka. Aka ba ta akushin a wanke, ba komai a ciki. Da ta koma Tudu, Arzika ya karɓe shi ya kulle a ɗaka, ya ce an kunyata su.

Ba a yi mako ba ruwa ya zo. Da hantsi ne, rana tana haske, ko ɗigo bai sauka a garin ba. Masu wanki a Maraba ne suka fara jin ƙugi, suka ga jan ruwa tafe da itatuwa da kumfa. Ya bugi yashin da ya toshe kudu, ya tsaya yana juyawa yana hauhawa. A lokacin ne fa kowa ya manta da tuwo da kifi. Mazan Tudu suka sheƙo da shebur, mazan Fito suka sheƙo da kwanduna, Arzika da Mijinyawa suna haƙa kafaɗa da kafaɗa, ruwa har ƙugu. Aikin kwanaki ba ya yiwuwa a sa'a guda. Kafin azahar ɗan tudun da ya rage a bakin kwari ya ɓalle, kogi ya shiga tsakiyar gari.

Akwai masu cewa mutanen Fito da gangan suka yi don sana'arsu ta dawo. Wannan ƙazafi ne. Gidajen da suka fara rushewa nasu ne, har da zauren Mijinyawa.

Magawata tana Tudu lokacin. Sabuwar hanyar ruwan ƙunci gare ta, ga gudu, ga katangu da kututture a ƙarƙashi, ba jirgin da ya iya ratsawa sai da damina ta yi nisa. Kullum da safe takan zo bakin ruwa da kwanon koko, ta tsaya, ta koma da shi. Daga wancan gefe akan ɗaga murya a ce tsohuwa ta ƙi cin na kowa, tana tambaya ko Magawata ta yi fushi ne. A cikin waɗannan kwanaki Inna Gwamma ta rasu. Wasu mata ne suka yi mata wanka. 'Yarta tana tsaye a wannan gaɓa ta hango an fito da makara, har aka sha kwana da ita.

Katafila ta iso bayan kaka. Direban ya duba, ya ce kogi ya riga ya yi zurfi a sabon wurinsa, ya juya.

Shi ya sa har yau gadarmu take kan yashi ana shanya shinkafa a kanta, ku kuma 'yan Fito kuke shiga jirgi da littattafai a ka kafin ku kai aji, mai naƙuda kuma sai an nemo mai fito kafin ta ga asibiti. Arzika da Mijinyawa sun yi kuskure, sun kuma biya da gidajensu da gonakinsu, Allah ya gafarta musu. Wadda ba ta biya komai ba ita ce hukumar da ta bari aka kwashe tudun kwari, ta ce a jira katafila, kuma har yanzu duk shekara take shafa wa busasshiyar gada fenti. Hakkin garin nan ne a gina gada inda ruwa yake. Kafin a gina, a buɗe azuzuwa a Fito, a kuma ajiye ungozoma a can. Ku gaya wa iyayenku haka na ce, su kuma su tambayi duk wanda ya zo neman ƙuri'arsu, tun yana cikin jirgi bai taka gaɓa ba. Damina ta kusa, kuma jiya na ga yadda aka loda ku a jirgin safe, bakinsa yana shan ruwa.