Mai Gadin da Ya Zubar da Ruwan Sarki

An ce a wata ƙasa an yi wani sarki da ya gaji madatsar ruwa ta jar ƙasa wadda kakansa ya gina. Da ruwanta ake noman rani, kuma ƙauyuka uku ne zaune a gindinta. Mai kula da ita wani tsoho ne, Nomau.

Wata shekara, shinkafar fada na cikin fitar da kai, sai labari ya iso cewa Nomau ya buɗe ƙofar madatsar, rabin ruwa ya tsiyaye. Sarki ya fusata, ya sa aka kawo shi.

Ya ce, "Wa ya ba ka iznin zubar da ruwana?"

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, ruwan ne ya yi niyyar tafiya. Na zaɓa masa ƙaramar ƙofa tun bai zaɓi babba ba."

"Ruwa ya gaya maka niyyarsa?"

"Allah ya ba ka nasara, shekara arba'in gindin bangon yana tsattsafo da ruwa garau. Bana ya koma ja. Ƙasar bangon ce ke fita."

Sarki ya ɗauka wasa da hankali ne. Ya kore shi daga ƙasar. Shinkafa kuwa ta ƙone.

Bayan wata biyu sarki ya fita kewaya, ya bi ta kan madatsar. Inda ruwa ya janye sai ya ga rami a jikin bangon, saiwoyin wata tsohuwar tsamiya sun ruɓe sun bar hanya. Dogari ya zura mashi, mashin ya shige duka bai taɓa komai ba. Sarki ya dubi ƙauyukan nan a ƙasa, mata na shanya hatsi a tsakar gida, ya gane da bangon ya fashe, da ruwa ya share su.

Da kansa ya tafi neman Nomau. Ya iske shi kwance a gidan 'yarsa, a hayin iyaka, tafiyar ƙasa ta karya shi.

Sarki ya zauna a tabarma, ya ce, "Baba, me ya hana ka sanar da ni tun farko?"

"Sau uku na zo fada, ya sarki. Sau uku aka ce kana hutawa."

Sarki ya sunkuyar da kai, ya roƙi gafara, ya ce su koma gida. Nomau ya ce ya yafe, amma ƙafafunsa sun gama tafiya. Ya bayyana yadda za a tone ramin a cike da yumɓu, a daddaɓe kaɗan-kaɗan.

Aka gyara madatsar. Nomau bai gan ta ba, ya rasu kafin ruwan farko.

Da aka kawo labarin, sarki ya juya wajen waziri. Ya ce masa, "Bango na gyara shi, wannan kuwa ba ta gyaruwa. Duk mai yanke hukunci kafin ya je ya gani, da hannunsa yake zalunci."