Wiwin da Kawu Thawin Ya Ɗaura wa Ƙyalle

Ku yi haƙuri da rubutun nan, ban ƙware ba. Wayar yayata na ɗauko, ina laɓe a bayan rumbun shinkafa, ba wanda ya san ina rubutawa. In kun ga kuskure ku tsallake shi kawai.

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, nan gefen Buriram, ana ce masa Kawu Thawin. Ya daɗe yana tuƙa tasi a Bangkok, da ya gaji ya dawo gida da ƙaton tumbi da babbar murya. Ba mugu ba ne. Halinsa ɗaya ne ke ba shi wahala: in ya faɗi magana a gaban mutane, gara ya haɗiye garwashi da ya janye ta.

Shekarar da gwamnati ta ce mai so ya shuka wiwi a gidansa, tsofaffin garin dariya suka yi, don tun suna yara suke ganin ana jefa ganyensa a romon kaza. Kowa ya nemo iri. Wani ya shuka a tsohon bokiti, wani a bayan ɗakin girki kusa da barkono.

Kawu Thawin ya shuka nasa a jikin shinge. Duk suka fito, amma ɗaya ya fita daban. Kullum da safe sai ka ga ya ƙara tsawo. Ya zuba masa kashin ɓaunarsa ta noma da ya sha rana, ya fesa masa ruwan dalbejiya don ƙwari, har magana yake yi masa. Kafin damina ta raba, shukar ta wuce shinge, ta wuce kansa, ta kamo rufin kwano.

Ya sa mata suna Sarauniya.

A makon ne ɓaunarsa, wadda ta yi shekaru ba ta haihu ba, ta haifi ɗan maraƙi lafiyayye. Kawu Thawin ya ce ai sa'ar Sarauniya ce. Ya sayo ƙyalle mai launi uku ya ɗaura mata a gindi, ya ajiye jan lemon kwalba da turare a gabanta. To kun san in an ɗaura wa itace ƙyallen nan an ce yana da mai shi ke nan. Ba a sara shi, ba a tuge shi, sai tsoho Khamdi mai roƙon iskoki ya zo ya nemi izini ya kwance, a gaban jama'a.

Daga nan mutane suka fara zuwa kallo. Shi kuma ya tsaya a gefe, hannu a ƙugu, yana cewa, "Ku jira ta yi fure. Ranar girbi sai kun toshe hanci tun daga bakin haikali."

A ɗaya gefen shingen akwai Goggo Lamyai. Mijinta, Kawu Prasong, abokin Thawin ne tun suna kiwon ɓauna ba wando. Ciwo ya kama shi a ciki, asibiti suna nasu ƙoƙarin, amma abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙi zuwa. Mai maganin gargajiya da ke duba shi ta ce wa Lamyai in ta kawo fure mai danƙo, marar tsaba, za ta haɗa masa man da yake ɗiga a baki ko ya samu ya ci ya rintsa. Saboda haka nata ba na ado ba ne. Guda huɗu ne, gajeru, tana tsinke musu kai don su yi rassa.

Thawin ya leƙo ta kan shinge yana dariya.

"Lamyai, wai waɗannan wiwi ne ko ɗoɗɗoya? Ki ba su abinci mana, sun yi kama da 'yan makarantar da ba a yi wa karin kumallo ba."

Ta ce, "Yaya Thawin, kai ma da tsawo ne amfani, da tuni an naɗa sandar wuta mai gari."

"Hassada ce ke cin ki."

"Ita ce. Miƙo kwanonka, na yi kwaɗon gwanda, barkonon ya yi wa Prasong yawa."

Haka suke kullum.

Da ruwa ya fara janyewa, rana ta fara faɗuwa da wuri, shukoki suka fara nuna ko su wane ne. Na Lamyai suka fito da fararen gashi siri-siri a hammatar rassa, alamar mata. Ta kira mijinta da murna, ya ɗago kai daga gadon gora ya ce ya gani, ko da bai gani ba.

Kawu Thawin ma ya je duba Sarauniya. Ya ja reshe ɗaya, ya tsura masa ido. Babu gashi. Wasu 'yan ƙwallaye ne cure-cure, kamar nonon ayaba da bai girma ba.

Ya saki reshen. Ba sai an gaya masa ba, mahaifinsa ya nuna masa irin wannan tun yana yaro. Namiji ne. In ƙwallayen nan suka buɗe, garin furen da ke cikinsu zai bi iska, duk macen da ya taɓa sai ta bar yin danƙo ta koma yin tsaba. Maganin namiji ɗaya ne, a tuge shi tun bai buɗe ba.

Amma gari duka ya ji sunan Sarauniya. Gari duka ya ga ƙyalle.

Sai ya fara dabara. Kullum da sassafe ya jingina tsani, ya hau, yana tsinke ƙwallayen ɗaya-ɗaya yana cusawa a aljihu. Ya tsinke goma, washegari ashirin sun fito. Shukar da ta fi rufi tsawo, ina mutum mai tumbi zai kai ƙarshenta?

Wata safiya Lamyai ta fito zubar da ruwan shinkafa, ta gan shi a sama, tsanin na rawa. Ta kalli aljihunsa, ta kalli reshen da ya leƙo gidanta. Ta ajiye kwaryar a hankali.

"Yaya Thawin, sauko mu yi magana."

"Tsutsa nake cirewa."

"Tsutsar da ake sawa a aljihu?"

Ya sauko yana haki. Ta rage murya don kada masu wucewa su ji.

"Namiji ne, ka sani na sani. Nawa sun fara fure. In ya buɗe, wahalata ta damina duka ta tafi, kuma Prasong ba shi da wata daminar da zai jira. Ka cire shi, na roƙe ka."

Fuskarsa ta yi ja. "Wa ya ce namiji ne? Irin Bangkok ne, haka yake farawa. Kuma ko ma mene ne, ba ki ga ƙyalle ba? So kike in sare shi abin ya faɗa kan ɗan maraƙina?"

"To a kira tsoho Khamdi."

"In tara gari su yi mini dariya? Ni?"

Ta daɗe tana kallonsa. Adda tana rataye a jikin shingen, hannunta zai kai. Amma ba ta taɓa ta ba. Ta ɗauki kwaryarta ta shige.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ciro gidan sauronsu ta lulluɓe shukokinta, ko da ta san gidan sauro ba ya tare garin fure. Da rana kuma ta miƙo masa romon kaza ta kan shinge kamar yadda ta saba. Ya karɓa, amma ya kasa sha.

Da la'asar ya ji muryar Prasong daga ƙarƙashin gidansu, wanda ke ɗage a kan ginshiƙai.

"Kai, direba! Zo nan in gan ka."

Ya zagaya ya shiga. Prasong na kwance a gadon gora, ya rame har zoben hannunsa ya koma babban yatsa. Ƙunshin shinkafa mai danƙo na gefensa, ba a taɓa ba. Sauro na yawo a ƙafarsa.

Thawin ya ce, "Ina gidan sauronka?"

"Yana can an lulluɓe 'yan mata, wai akwai wani ƙato a maƙwabta." Prasong ya yi dariya har tari ya kama shi. "Na ji Sarauniyarka ta tsiro da gemu."

Thawin ya sunkuyar da kai. "Lamyai ce ta faɗa maka."

"Ba ta ce komai ba. Ina kwance a nan ina ganin ka a kan tsani kamar biri a kan kwakwa. Ka saurara. Kada ka sare shi."

"Me ka ce?"

"Na ce ka bar abinka. Na san ka tun kana kuka in ɓauna ta kada kai a gaban 'yan mata. Dariyar mutane za ta fi kashe ka da wuri a kan yadda ciwon nan zai kashe ni. Ni na saba da ido biyu. Ina jin kwaɗi, ina jin zakara, ba na kewa. Ka cinye shinkafar nan don Lamyai ta ɗauka ni na ci."

Thawin ya kalli shinkafar. Ya kalli ƙafar abokinsa da cizon sauro ya yi wa ja.

Ya tashi. Bai koma gida ba. Ya bi babban layin gari, ya wuce masu sayar da gasasshiyar kaza, ya wuce matasan da ke wasan ƙwallo a filin haikali, ya tsaya a ƙofar tsoho Khamdi. Da muryar nan tasa da ake ji daga ƙarshen gari ya ce:

"Baba Khamdi! Ka zo ka kwance mini ƙyalle. Sarauniyata namiji ce!"

Kafin tsohon ya nemo sandarsa, rabin gari ya hallara a gidan Thawin. Dariya kuwa an sha ta. Wata tsohuwa ta ce, "Wata uku kana ba ƙato jan lemo, ko kunya!" Wani ya ce, "To yanzu wa ya yi wa ɓaunar ciki?" Yara suna ta tsalle suna kiran Sarki, Sarki.

Thawin ya tsaya ya shanye duka. Gumi na zuba, amma bai gudu ba.

Tsoho Khamdi ya kunna turare, ya durƙusa, ya nemi izini a hankali, ya kwance ƙyallen ya mayar jikin tsamiyar bakin hanya. Lamyai ta kawo ruwa aka jiƙa shukar sharkaf don kada gari ya tashi, aka rufa mata buhuna. Thawin da kansa ya ɗaga adda. Sara uku, Sarauniya ta kwanta.

Da aka duba can ƙololuwa, inda tsaninsa bai taɓa kaiwa ba, wasu ƙwallayen sun riga sun buɗe. Ga garin nan rawaya a kafaɗar rigarsa.

Ya kalli Lamyai. Ta ce, "Abin da ya tashi ya tashi. Mu jira mu gani."

Jiran ya fi saran wuya. Kullum yana bakin shinge yana leƙen furenta, ba tsokana, ba dariya. Ya sayo wa Prasong sabon gidan sauro, ya ce wai tsintarsa ya yi.

Sanyi ya fara shigowa, aka yanke shinkafa a gona. Fararen gashin nan suka rine suka koma ja-ja, furen ya yi nauyi har rassa na sunkuyawa, in ka taɓa yatsa sai ya manne. Ranar girbi Lamyai ta kira shi ya riƙe mata kwando. Ta fara da wadda ke jikin shinge, ta murza fure ɗaya, tsaba ta zubo. Ta lalace. Thawin ya rufe ido.

Ta matsa wajen ta biyu, ta murza. Babu. Ta uku, babu. Ta huɗu, tsaba ɗaya tak a ƙasa, sauran danƙo zalla.

Nasa kuwa, sauran matan da ke gindin Sarauniya, duk sun cika da tsaba kamar buhun riɗi. Ko ɗaya bai tsira ba.

Suka rataye na Lamyai kai ƙasa a inuwar ƙarƙashin gida har suka bushe, ta kai wa mai magani, ta haɗa masa man. Ciwon Prasong bai tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma wata rana da azahar Lamyai ta leƙo ta kan shinge, ta ɗora yatsa a baki, ta yafito Thawin. Ya zo a kan yatsun ƙafa. Ƙunshin shinkafar ya zama wayam. Prasong na kwance baki buɗe, yana minshari kamar injin casa.

Wasu yara suka taho a guje suna ihu, "Kawu mijin Sarki!"

Mutumin da ba ya jure a yi masa dariya ya fito da sauri, ya durƙusa a gabansu, ya ce a hankali, "Ku kira ni duk abin da kuke so. Amma ku je can bakin haikali ku kira. Abokina yana barci."

Darasi: Kuskuren da ka ɓoye don gudun dariya ba ya tsayawa a gidanka, iska ce ke kai shi gidan maƙwabci. Dariyar mutane ta yini ɗaya ce, amma abin da girman kai ya ɓata wani lokaci ba ya dawowa. In ka gane ka yi kuskure, ka faɗa tun bai buɗe ba. Kuma in kai ne aka cuta, ka tuna haƙurin Lamyai da Prasong ya sare abin da adda ba ta isa ta sare ba.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana kan tsani yana tsinke nasa a ɓoye. Na so in gaya muku abin da Kawu Thawin ya yi da tsabar nan, amma ga Inna can tana ƙwala mini kira, ina jin shinkafar da na ɗora ce ta ƙone.