Hagun Radoye da Motar Amarya

"Hagu na ce maka! Hagu!"

"Hagun na yanka."

"To yaya aka yi gurbin ya koma dama?"

"Wannan kuma sai ka tambayi gurbin."

Ku dakata in komo baya, kada in bar ku a duhu.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, can gefen garin Chachak, sunansa Radoye. Direban bas ne da ya yi ritaya, amma har yau ko kofi a tsaye yake sha, kamar fasinja na jiran sa. In zai yi magana hancinsa ke yin rabin aikin: "Yanzu-yanzu! Yanzu-yanzu!" Da rubutu na da murya, da na yi muku shi sak.

Radoye na da wata tsohuwar baƙar mota da ya gada wajen mahaifinsa. Duk amaryar da aka yi a gidansu, ita ta kai ta coci. Ga auren 'yarsa Dushanka ranar Lahadi, kuma ya riga ya bugi ƙirji gaban dangin ango cewa motar ce za ta kai ta.

Motar lafiyarta ƙalau. Radoye ne ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana saura 'yan kwanaki ya ɗaura mata wata ƙatuwar salansa, wai yana son har na ƙauye su ji amarya ta fito.

A ƙarƙashin motar akwai wani ƙarfe da ya gitta daga gefe zuwa gefe, shi ke tallabe da gindin giyabos. Sabuwar salansar ta fi tsohuwar kauri, sai ta riƙa dukan sa: kwaram, kwaram. Maganin abin sananne ne. A kwance ƙarfen, a fafe masa gurbi inda bututun zai bi, sannan a yi wa gurbin ƙarin ƙarfe da walda don kada ya yi rauni. Irin wannan ƙarfe kuwa yanzu ko kasuwar gwangwan ka je ba ka samun sa.

Mai yin aikin ba kowa ba ne, Vukashin ne mai walda, kum ɗin Radoye. Tun kakanni gidan Vukashin ke tsaya wa gidan Radoye a baftisma da ɗaurin aure. A wurinmu kana iya yi wa yayanka tsawa, amma ba a ɗaga wa kum murya.

Vukashin mutum ne mai sanyi, kalma ɗaya sai ya tauna ta kafin ya saki ta biyu. A waya ya ce, "Kum… kafin ka kwance… ka sa alli a wurin."

Radoye ba shi da lokacin alli. Ya kwance ƙarfen, ya saɓo shi a kafaɗa, ya dire a shagon Vukashin.

"Ka fafe min hagu. Yanzu-yanzu!"

"Hagun wa, kum?"

"Hagu nawa Allah ya yi?"

Vukashin ya yi aikinsa tsaf. Shi a sana'arsu hagun mota shi ne hagun wanda ke zaune a kujerar direba. Radoye kuwa daga gaban motar ya leƙa, yana fuskantar ta, sai ya faɗi nasa hagun. Da aka zo ɗaurawa, gurbin ya faɗa ɗaya gefen. Ƙarfen kuma ba ya juyuwa, ramukan kusoshinsa ba su yarda ba. Abin da ya kawo rigimar da kuka ji ke nan, a tsakar gidan Radoye, maƙwabta duk mun jingina da katanga.

Vukashin ya ce, "Ba komai. Kawo shi. In fafe ɗaya gefen, in ƙarfafa shi. Jibi ka karɓa."

"Jibi! Aure zan yi wa 'yata ko jana'iza? Hannunka ya tsufa, kunnenka ya tsufa. Je ka yi wa tsofaffi waldar murhu!"

Milunka matar Radoye ta saki faranti. Vukashin ya ajiye kofin da aka zuba masa, ko kurɓa bai yi ba, ya fita.

"Radoye, kum fa ka kora," in ji Milunka.

"Ban kore shi ba, ƙafarsa ce ta tafi da shi."

"Bi shi."

"Ina da aiki!"

Ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya fafe ɗaya gefen da kansa. Da ya gwada bai isa ba, ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Walda kuwa bai iya ba, sai ya shafe wurin da baƙin fenti ya ce ai ga shi kamar sabo. Ya ɗaura, ya tayar da mota. Babu kwaram. Ya zaga unguwa sau ba adadi yana taka totur, kajin mutane na tashi sama.

Kwanakin da suka rage babu wanda ya zauna a gidan. Milunka na naɗe kabeji da nama tana leƙen hanya. Dushanka ta kira kum a waya, ya ce mata kawai, "Ki kwantar da hankalinki, 'yata." Radoye na shiga yana fita, yana goge motar da ya riga ya goge.

Ranar Lahadi Vukashin ya zo cikin kwat, ya sumbaci amarya a goshi, ya gaisa da kowa. Amma bai shiga baƙar motar ba, inda aka tanadar masa kujerar gaba. A tsohuwar akori-kurarsa ya biyo baya.

Aka ɗaura wa madubin motoci fararen tawul, masu ƙaho suka busa, ayari ya tashi. Radoye sai ruri yake sa motar yana ɗaga wa mutane hannu.

A mashigar titin jirgin ƙasa akwai ɗan tudu. Tayoyin gaba suka hau lafiya. Sai aka ji ƙas! Ƙarfen ya karye daidai inda fenti ya fi sheƙi. Gindin giyabos ya faɗo, wani abu ya ja ƙasa da ƙara, motar ta tsaya. Allah ya taimaka ta riga ta tsallake layin.

Masu ƙaho suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, mai ganga ne kawai bai lura da wuri ba.

Uwar ango ta sauke gilashin motarsu. "A dawo da amarya motarmu mana, da na'urar sanyi ma."

Dushanka ta riƙe kujera. "Baba, ka yi alkawari."

Radoye ya fito ya zaga motar, ya buɗe bonet, ya rufe, ya sake buɗewa. A ƙarshe ya taka har inda akori-kurar ta tsaya, mutane na kallo. Hancin nan bai yi aiki ba ranar.

"Kum, na yi maka rashin kunya. Ka yafe min."

Vukashin ya tuɓe kwat ya miƙa masa. "Riƙe min… kwat."

Ya shiga ƙarƙashin motar da farar rigarsa. Ya kwance farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, ya ɗaure giyabos da sarƙa, ya fito baƙi ƙirin. Sannan ya ɗaura igiya daga akori-kura zuwa baƙar motar.

"Shiga ka riƙe sitiyari. Kada ka taɓa komai sai birki."

Haka aka kai Dushanka coci cikin motar kakanta, a hankali, shiru, babu ko tari. Mutumin da ya so ƙauye ya ji shi, ƙarar igiya kawai aka ji.

Fada, limamin cocin, na tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi igiya, ya dubi rigar kum, ya dubi Radoye.

"Ɗana, me ya sami motar?"

Radoye ya gyara wuyan riga. "Azumi take yi, Fada."

Darasi: Wanda ya tambaye ka "me kake nufi?" ba raina ka ya yi ba, so yake ya yi maka daidai. Ka tsaya ka ba shi amsa. Gaggawa da girman kai ne ke sa mutum ya zagi wanda zai shiga ƙarƙashin mota dominsa da farar riga. In kana da wanda ka ɓata wa rai, ka je yau da ƙafarka, kada ka jira sai jama'a sun taru. Ku tura wa sarkin gaggawar gidanku, ku ce masa ya karanta a zaune.