Shirun da ke Cikin Taken Nomau

Tun zamanin da ciyawar gamba ke shanye mahayi da dokinsa, an yi wani maharbi ana ce masa Nomau. Nomau na Kyauta, mai kwana inda zaki ya tashi! Kyauta yayarsa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu.

Shekarar da rijiyoyin garinsu suka ƙafe, Kyauta ta jagoranci gida goma sha ɗaya suka yi kudu, Nomau ya hau goɗiyarsa ya wuce gaba neman ruwa. Ya same shi kuwa, yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse. Amma da ya juyo, gamba ta rufe sawunsa, bai san inda ya bar mutanensa ba. Ya yi niyyar tayar da hayaƙi ya fasa, don wuta a wannan ciyawa da su za ta haɗa. Kwana biyu yana kira daga kan dutsen har muryarsa ta dushe. Tsoro ya kama shi, domin ya san ɗan ruwan da ya rage a salkunansu.

Sai ya harbi damo ya feɗe, ya rufe ƙwaryar shansa da fatar, ya yanki izgar goɗiyarsa, ya haɗa goge. Gaskiya Nomau ba makaɗi ba ne. An ce har birai sai da suka bar dutsen. Waƙa ɗaya ya sani, wadda Kyauta ke yi in tana daka. Ita ya yi ta gogawa, in ya kai tsakiya ya ɗauke hannu ya kasa kunne.

Ran kwana na huɗu da hantsi, a cikin wannan shirun, ya jiyo bugun taɓarya daga nesa, tana ƙarasa waƙar. Ya ci gaba, taɓarya na matsowa, har gamba ta buɗe.

Kyauta ta dube shi da busasshen leɓe ta ce, “Ƙanena, kiɗanka ba daɗi, amma ga mu.”

Nan suka kafa garin Saurara, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Har yau duk mai gogen da ya ɗauki taken Nomau, komai gwanintarsa, sai ya tsaya a tsakiya. Jama'a kuma su amsa masa, “Ga mu.”