Sheburin Purdum Khan

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, can saman kwarin Chitral, ana ce masa Purdum Khan. In dai an zauna shan shayi mai gishiri, labarinsa ɗaya ne: "Ni nan na bi hanyar ruwan nan har bakin ƙanƙarar saman dutse, ido rufe, da buhun alkama a ka!"

Hanyar ruwan kuwa abin taƙamarmu ce. Kakanninmu suka sassaƙe ta a jikin dutse, faɗinta taku biyu, gefenta rami ne wanda in ka jefa tsakuwa sai ka gama alwala kafin ta sauka. Da ita kowace gona ke sha.

Ana tsakiyar zafi sai dutse ya zaftare ya toshe ta. Kwana uku ba ɗigo. Alkama ta fara sunkuyar da kai, ga majiya ƙarfi duk sun hau tudu da dabbobi.

Mir Ajab mai rabon ruwa ya ce, "Yaya Purdum, yau ranarka ce. Ba ma sai ka rufe ido ba."

Purdum ya karkace hular ulunsa, ya saɓa shebur, ya kama hanya. Da ya isa wani matsatsi a hanyar, ya leƙa ƙasa ya ga zurfin ramin. Ya ja baya zuwa gindin wata bishiyar tut mai jajayen 'ya'ya masu zaƙi, wai zai yi nazari. Ya yi ta nazarin 'ya'yanta nunannu har ciki ya cika, barci ya kwashe shi.

Ƙarar ruwa ce ta tashe shi da la'asar. Hanya ta buɗe! Ya duba, shebur babu. Ya ce, "Ba komai," ya gangaro gida ƙirji a gaba.

Jama'a suka kewaye shi. Ya ce, "Dutsen ya kai bijimi uku. Na ce masa ko ka matsa ko in matsar da kai. Har sheburina ya karye ya faɗa rami."

Gwaggonsa Durdana ta ƙanƙance ido. "Ɗana, matso. Duk wanda ya shiga ruwan ƙanƙara, farar laka kan kama shi har gwiwa. Kai wandonka kamar na ango. Gemu kuma ja wur! Dutsen ne ya ba ka tut?"

Kafin ya haɗa amsa, sai ga Sharafat mai niƙa, tsohon da ba a cika jin muryarsa ba, yana ɗingishi, farar laka har ƙugu, tafin hannu duk ya sale. Ya miƙa wa Purdum abin da ke kafaɗarsa.

"Ga sheburinka, ƙanena. Na tarar kana minshari, ban so in tashe ka ba. Yana da kyau ƙwarai, ka ce ba a taɓa aiki da shi ba."

Darasi: Baki ba ya buɗe hanyar ruwa, hannu ne ke buɗewa. A kowane gari akwai masu aiki shiru da kowa ke cin arzikinsu. Su suka cancanci yabo. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai ba da labarin bajinta a majalisarku.