Dokin Yumɓun Yalwa a Gaban Alƙali

An ce wai a wani gari an yi wata maginiyar tukwane mai suna Yalwa, wadda takan gina wa yara 'yan dawakin wasa da ragowar yumɓu. Tana raye ba wanda ya ɗauke su bakin komai. Da ta rasu, sai attajirai suka shiga farautarsu, suna jerawa a zaurukansu, ba mai taɓawa sai kallo. Ka ga dattijo da furfura yana taƙama da abin wasan yara!

Yalwa ta bar 'ya ɗaya, Tabawa, tun tana ƙarama, ta kuma bar mata doki ɗaya. Dangi suka naɗe shi a tsumma, suka hana ta wasa da shi don kada ya fashe. Haka ta tsufa tana ajiye da shi, ba ta da wani abu na hannun uwarta sai shi.

Wata rana wani attajiri, Alhaji Nagoma, ya ari dokin, ya kai wa magini Cindo ya gina masa guda biyu irinsa. Cindo ya zuba gwaninta, har gutsurin kunnen ya kwaikwaya, ya turara su da hayaƙi suka yi kamar tsofaffi. Ya jera ukun a faifai yana sha'awar aikinsa, ya juya su, ya sake juyawa. Da ya zo mayar da na aron, sai ya rasa wane ne. Magana ta kai gaban Alƙali Barmo.

Aka kira masana dawakin Yalwa. Wannan ya ce na asalin ya fi ja, ya nuna na dama. Wancan ya lasa, ya ce ɗanɗanon tsohon yumɓu yana jikin na hagu. Aka ɗan motsa faifan, kowannensu ya koma nuna wanda ya ƙi ɗazu. Nagoma ya ce, "Allah ya gafarta malam, a ba ta duka ukun, ni na haƙura."

Tabawa ta ce, "Ba dawaki uku nake nema ba, Alhaji. Wanda hannun Inna ya taɓa nake so. In na kai su gida, wanne zan riƙe in ce nata ne?" Ta ɗauki ɗaya, ta ajiye, ta ɗauki wani. Abin ya ba kowa tausayi.

Alƙali kansa ya ruɗe. Ya daɗe yana jujjuya su, har ya lura kowane doki yana da huji biyu, ɗaya a wutsiya, ɗaya a ƙirji. Ya tambayi Cindo amfanin hujin. Cindo ya ce, "Don zafi ya fita ne, ranka ya daɗe, kada ya fashe a wuta."

"Huji ɗaya bai isa wannan ba?"

"Ya isa."

"To na biyun fa?"

Cindo ya sosa ƙeya. "Wallahi gani na yi a jikin nata, na huda."

Alƙali ya gyara zama ya ce, "Jama'a, tun ɗazu muna tambayar ido, alhali ido shi aka yi wa aikin kwaikwayon nan. Cindo ya gina abin da ya gani, Yalwa kuwa ta gina abin da yarinya za ta yi wasa da shi, kuma duk abin da yaro ya samu baki yake kai shi. Gwaggo Tabawa, sa wutsiyar kowanne a bakinki ki hura."

Masana suka yi caa, wai yawu zai ɓata kaya mai daraja. Tabawa ta ji kunya, ta ce, "Ni da jikokina, ranka ya daɗe?" Alƙali ya ce ta daure.

Ta hura na farko, iska kawai ta fita. Na biyu ma haka. Da ta hura na uku, sai ya saki wata 'yar siririyar ƙara mai zaƙi, har waje aka ji. Tabawa ta waiwaya ta dubi ƙofa da sauri, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Na tuna. In na busa, Inna takan fito daga wajen gini, hannunta duk yumɓu, ta ce ga ni." Ta rungume dokin tana kuka, ba wanda ya hana ta.

Alƙali ya miƙa wa Nagoma sauran biyun, ya ce ya je ya jera, ai don kallo aka gina su.

Masu hikima suka ce: in kama ta ruɗa ka, ka tambayi abu aikin da aka yi shi dominsa, na gaskiya ne kaɗai zai amsa.