Ranar da Haladu Ya Buɗe Tulun Iri

Akwai wani dattijo mai suna Haladu, manomin lambu a wani ƙauye da ke bakin kogi kusa da Haɗeja. Abin nan ya faru ne shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai.

Gida goma sha ɗaya ne suka haɗa lambu guda a fadama. Kowa da fangalinsa, jigon ɗiban ruwa kuwa ɗaya ne. Suna taɓa tumatir da tattasai da alayyafo, amma albasa ce ke riƙe gidajen nan tun daga rani har faɗuwar ruwa.

Irin albasar duka a hannun Haladu yake. Shi ake tara wa, ya shanya, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu ya liƙe bakin da yumɓu. Shekara ashirin bai taɓa ba su kunya ba, kuma yana ji da kansa a kan haka.

Daminar shekarar nan kogi ya yi ambaliya. Ruwa bai shiga gidansa ba, amma ya kwanta a bayan ɗakinsa kusan mako uku. Da ya janye, saura kwana goma a raba iri, Haladu ya jawo tulun. Yana ɗagawa ya ji gindin da sanyi. Ya fasa yumɓun, warin funfuna ya doke shi.



Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗebi iri kaɗan ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ɓoye a bayan rumbu don ya gani ko zai tsira. Kullum da safe sai ya leƙa, ya yayyafa ruwa, ya fita yana gaisawa da mutane kamar ba komai. Rana ta bakwai ya warware tsumman. Ƙwaya huɗu ce kawai ta fito.

Matarsa Barira ta same shi tsugune a wurin.

"Malam, mako guda ke nan kana ture tuwo. Me ke faruwa?"

Ya miƙa mata tsumman. Ta daɗe tana kallo.

Ya ce a hankali, "In na sake shanya shi na zuba sabuwar toka, ba mai ganewa. In bai fito ba, za a ce ruwa ne ya lalata ƙasar."

Ta ce, "Haka za a ce. Amma kafin a gane, mako uku ya wuce, kowa a ƙasar nan ya riga ya yafa nasa. Ina za a samo wani? Tsohuwa 'Yar'azumi da jikokinta fa, me za su ci da bazara?"

"Sunana fa, Barira?"

"Sunanka ba zai tsira a fangali ba, Malam."

Bayan la'asar ya nufi lambu, inda mutane ke gyaran shinge. Sau biyu yana tsayawa a hanya kamar zai juya. Da ya isa, ya yi sallama, ya shimfiɗa tsumman a ƙasa.

"Jama'a, irin bana ya mutu a hannuna. Danshi ya shiga tulun, ni kuma ban duba da wuri ba."

Shu'ibu, wanda fangalinsa ke kusa da na Haladu, ya yar da gatarinsa.

"Baba, tun yaushe ka sani?"

"Kwana bakwai."

"Kwana bakwai kana gaisawa da mu kana dariya! Mu kuwa muna nan muna kaftu a banza!"

Haladu bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai. Hayaniya ta tashi, sai da 'Yar'azumi, tsohuwar da ke noman fangalin ƙarshe, ta buga sandarta a ƙasa.

"Faɗa ba zai tayar da iri ba. Ƙanena Ari yana Auyo, shi ba ya yafawa da wuri. Wataƙila a same shi da saura."

Haladu ya ce, "Ni na ɓata, ni zan je."

Ruwa ya yanke hanya, don haka washegari da sassafe ya shiga kwale-kwale, ya ƙulle irin tattasansa a ƙyalle don musaya. Shi da mai tuƙi suna tafiya suna fuskantar ruwa, jirgin kamar ba ya motsi. Duk inda ya hango mutane a fadama sun duƙa suna yafa iri, sai ya tambayi kansa: Idan Ari ma ya gama fa? Da wane ido zai koma gida?

Sai bayan azahar suka isa. Aka nuna masa Ari a gona, da ƙwarya a hannu, ya riga ya yafa rabi. Haladu, wanda bai taɓa roƙon iri wurin kowa ba, ya durƙusa ya faɗi komai, har da kwana bakwai ɗin da ya yi shiru.

Ari ya dubi ƙwaryar, ya dubi fangalan da suka rage masa.

"Da sai la'asar ka iso, da ba abin da za ka tarar. Kawo tattasan, zan cike wurin da shi. Ka gaida mini Yaya."

Irin da Ari ya ba shi bai kai rabin wanda suka saba ba. Haladu ya kasa shi kashi goma, ya cire gidansa. Barira ta ɗauko irin alayyafo da tumatir don fangalinsu.

Aka yafa, aka rufe da ciyawa. Kullum Haladu ne farkon zuwa lambu, ya ɗaga ciyawar fangalin wasu yana dubawa. Kwana biyar, ba komai. Kwana shida, ba komai. Shu'ibu ko gaisuwa ba ya amsa masa sosai. A rana ta takwas tsiro ya fito sirara, kore shar, fangali bayan fangali. Haladu ya zauna a ƙasa yana ta hamdala.

Albasar shekarar ba ta yi yawa ba, amma a gidaje goman ba wanda ya rasa. Gidan Haladu kuwa suka yi rani da ƙyar, da abin da tumatir ya kawo.

Da waɗanda aka bari don iri suka yi fure suka bushe, Haladu bai sa rai kowa zai zo ba. Yana zaune a zaure sai ga Shu'ibu da sabon tulu a ka, sauran mutane na biye da iri ƙwarya-ƙwarya.

Haladu ya ce, "Ku kai wa wani. Ni na ba ku kunya."

Shu'ibu ya sauke tulun a gabansa.

"Baba, iri yana iya mutuwa a hannun kowa. Mun zauna mun duba, ba mu da tabbacin waninka zai zo ya faɗa. Karɓi."

Darasi: Ɓoye kuskure ba ya gyara shi, sai dai ya cinye lokacin da za a gyara. Idan amana ta samu matsala a hannunka, ka faɗa tun da sauran dama, ko da za ka sha kunya. Kunyar ta 'yan kwanaki ce, amincin da za ka samu kuwa mai ɗorewa ne. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, wataƙila akwai wanda ke riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa yau.